Masu Neman Tsaguwar Bango: Jawabi ga Ɗaliban Gaya da Ajingi



Magabata sun ce maƙera ne daga Gaya suka tafi Dutsen Dala neman tama, har aka kafa Kano. To, yau ina so in yi muku magana a kan wata sana'a wadda ita ma sai mai haƙuri, watau gwajin tsaron kwamfuta ta hanyar kutse da izini.

Kun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin mai wannan sana'a shi ne ya riga ɓarawo gano tsaguwar. Banki ko ma'aikata za su ɗauke shi, su ba shi izini a rubuce, ya kai wa na'urorinsu hari kamar yadda ɓarawo zai yi, sa'an nan ya rubuta rahoton inda ya shiga da yadda za a toshe. Abin ba wasa ba ne: a 2016 ɓarayi suka sace dala miliyan 81 daga Babban Bankin Bangaladash ba tare da sun fasa ƙofa ba. A 2018 kuwa Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa bankuna gwada tsaronsu a kai a kai. Ashe aiki yana nan, ma'aikata ake nema.

Ta ina za a fara? Da farko a san yadda kwamfutoci ke magana da junansu, a laƙanci Linux, a koyi rubuta manhaja da Python. Bayan haka a sauke Kali Linux, wadda kyauta ce, a koyi Nmap da Wireshark. Wuraren gwaji na halal, irin su TryHackMe da Hack The Box, an gina su ne musamman domin a fasa. Wanda ya ƙware sai ya nemi takardar OSCP, wadda jarrabawarta kutse ce ta kusan awa 24, kuma ba a ci sai da rahoto. Saboda haka kada ku raina alƙalami. Jami'ar Wudil kuwa, wadda ta fara aiki a 2001, ga ta nan maƙwabciyarmu, kuma ana koyar da ilmin kwamfuta a can.

Amma ku saurara da kyau. Kayan aikin mai gwaji da na ɓarawo iri ɗaya ne. Izini da amana kaɗai suka raba su. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri da tara ga mai kutse don zamba. Lalle za a zo muku da kuɗi a ce ku buɗe asusun wani. Wanda ya karɓa sau ɗaya ya sayar da sunansa da na gidansu, alhali kuwa babu bankin da zai damƙa mabuɗinsa a hannun wanda aka taɓa kamawa.

Ku ma'aikata matasa, idan mai gwaji ya kawo rahoto, kada a jefa shi cikin durowa. A gyara abin da ya nuna.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mu daga cin amana. Wassalam.