CIWON ZUCIYA: JAWABI GA MAGIDANTA DA IYAYE MATA



In Bahaushe ya ce wane ciwon zuciya ke damunsa, galibi baƙin ciki ya ke nufi. Abin da za mu tattauna yau dabam ne, watau ciwon tsokar nan da ke cikin ƙirji, wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Aikinta tura jini ko'ina cikin jiki. Tana da ɗakuna 4 da ƙyamare 4 masu hana jini komawa baya, kuma ta kan buga sau 60 zuwa 100 a minti guda in baligi yana hutawa, wajen sau 100,000 ke nan a kwana ɗaya.

Babban abin da ke gajiyar da ita shi ne hawan jini. Mugun halinsa kuwa, ba ya sallama. Mutum ya kan yi shekaru da shi yana noma, yana kasuwa, bai sani ba, sai ran da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta lalace. Ba a gane shi sai da awo. Malamin asibiti ya ɗaura ƙyalle a damtse, ya hura iska, ya karanta lambobi biyu. In an auna a ranaku dabam dabam ana samun 140 bisa 90 ko fiye, to, hawan jini ne. Maganinsa kullum a ke sha. Mai cewa ya ji sauƙi ya bari, ya sani sauƙin nan na maganin ne. Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a yini, watau kamar cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Na biyu daga maƙogwaro ya ke farawa. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a kai shi wurin wanzami a cire masa beli, alhali ƙwayar cuta ce ta kama shi, penisilin ne maganinta. Bayan mako biyu ko uku sai gaɓoɓi su kumbura, ciwo ya bar wannan gwiwa ya koma waccan. Gaɓoɓin su kan warke, amma ƙyamaren zuciya su kan yi tabo. Yaron da ya taɓa yin haka, allurar penisilin za a riƙa yi masa kamar kowane mako 4, shekara da shekaru, don kada ciwon ya komo ya ƙara ɓarna.

Na uku shi ne wanda na ke so magidanta su kasa kunne ƙwarai, gama ƙasarmu tana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, an watse. Ba a jima ba sai ta fara haki in ta ɗan yi tafiya a tsakar gida, ƙafafu su kumbura, tari ya hana ta barci, ba ta iya kwanciya sai ta jingina. Zuciyarta ce ta yi rauni, ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Ya kan zo tun daga watan ƙarshe na ciki har zuwa wata 5 bayan haihuwa. Likita Davidson da Likita Parry sun yi nazarinsa a Zariya, suka buga bayaninsu a 1978. A lokacin an ƙiyasta ya kan sami mace 1 cikin 100 da suka haihu a can. Sun ɗora laifi a kan al'adun jego: wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana 40, da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. Binciken da likitocin Kano suka jagoranta daga baya ya fi nuna talauci, da rama, da hawan jini lokacin ciki. Duk da haka kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, kuma a ganina babu hikima a ɗura wa mai kumburi abin da zai ƙara mata kumburi. Kada a ce iska ce ko sanyin jego, a tsaya turare. Wadda ta kasa kwanciya saboda haki, a kai ta asibiti ran nan.

Mutane da yawa suna tsoron gwaji, alhali babu mai zafi a ciki. Likita zai fara da sauraron ƙirji da abin nan da ya ke ratayawa a wuya, wanda wani likitan Faransa, Laennec, ya ƙago asalinsa a 1816. Sa'an nan akwai i-si-ji: a manna wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana bugun zuciya a takarda. Ba ta sa wa mutum wuta, karantawa kawai ta ke yi. Akwai hoton ƙirji mai nuna ko zuciya ta yi girma. Akwai kuma eko, ɗan'uwan hoton nan da a ke yi wa masu ciki, wanda ke nuna ƙyamare suna buɗewa suna rufewa, da ƙarfin matsawar zuciya.

Mai kumburi a kan ba shi maganin da ke sa yawan fitsari don ruwa ya ragu, da waɗansu ƙwayoyi masu rage wa zuciya nauyin aiki. Cikinsu akwai waɗanda ba a ba mai ciki, saboda haka lalle a gaya wa likita in akwai ciki ko shayarwa. Ƙyauren da ya lalace ƙwarai sai aiki, a gyara shi ko a sa wani.

Masu jego da yawa su kan warke cikin watanni in sun riƙe magani, waɗansu kuwa raunin ya kan zauna. Wani ciki a kan zuciyar da ba ta komo daidai ba yana iya kashe mace. Don haka maigida ya raka ta asibiti da kansa, a sāke yin eko, su ji ta bakin likita tare kafin a yi zancen wata haihuwa.