Wa Ke Da Ta Cewa A Kan Waƙa? Darasi Daga Dokar Cocin Ingila



A shekarun da na yi ina shugabancin makaranta, na lura yawancin rigingimun ma'aikata ba daga mugun nufi suke tasowa ba, daga rashin sanin iyakar aikin kowa ne. Shi ya sa na zaɓi in kawo muku misali daga nesa, wato yadda Cocin Ingila, uwar ɗarikar Angilika, ta tsara dokar waƙa da mawaƙa a cikin sujada.

Maganar ta daɗe ana ja-in-ja a kanta. A shekarar 1559 Sarauniya Alisabatu ta Ɗaya ta ba da izinin rera waƙa a farko ko ƙarshen addu'ar safe da ta yamma, muddin jama'a za su fahimci kalmomin. A 1644, lokacin yaƙin basasa, Majalisar Dokoki ta ba da umarnin a rushe ogan, wato babbar na'urar kiɗan nan ta coci, ba ta dawo ba sai bayan an maido da sarauta a 1660. Daga nan aka daɗe ana rera Zabura kusan ita kaɗai.

A 1819 wani limamin coci a birnin Shefil, Tomas Koteril, ya fito da littafin waƙoƙi ya sa jama'arsa su riƙa amfani da shi. Wasu daga cikinsu suka kai ƙara kotun coci da ke Yok, suna cewa doka ba ta yarda ba. Babban Bishop na Yok ya shiga tsakani a 1820: aka janye littafin, aka shirya wani da amincewarsa, shi kuma ya biya kuɗin bugawa. Wannan sulhu ya buɗe wa waƙoƙin sujada ƙofa.

A yau dokar da ke aiki ita ce wadda ake kira Kanon B20, kuma abu uku ta tanada. Na farko, limami ne ke ɗaukar makaɗin ogan ko shugaban mawaƙa, shi ke sallamarsa, amma sai da yardar majalisar ikilisiya. An shigar da wannan sharaɗi a 1988 domin kada mutum ɗaya ya raba wani da aikinsa don son zuciya. Idan al'amari ya cije, wakilin bishop mai kula da yankin yana da ikon ɗage sharaɗin wajen sallama. Na biyu, wajibi ne limami ya saurari shawarar makaɗin wajen zaɓen waƙoƙi, amma hukuncin ƙarshe nasa ne. Na uku, alhakinsa ne ya tabbatar kalmomi da karin waƙa sun dace da ibada da kuma jama'ar da ta taru, ya kuma kawar da wasa da rashin ladabi, ko a wajen gwaji ne.

Wannan doka ba ta hau kan Cocin Angilika ta Nijeriya ba, domin ta tsaya da ƙafarta tun 1979, tana da nata dokokin.

Jama'a, ku dubi hikimar da ke ciki. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, don haka aka ba mutum ɗaya ta cewa. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka aka ɗaure shi da shawarar gwani da yardar majalisa. Mai iko ya saurara, mai basira ya san iyakarsa, a kuma rubuta ƙa'ida tun kafin rigima ta taso, ba bayan zukata sun ɓaci ba.