Tsokar Oddi: a daina yanka ta saboda ciwo kawai

 

Kowane likita ya san hanta ke yin ruwan matsarmama, fiye da rabin lita a rana, kuma jakar matsarmama ajiya take yi. Abin da ake mantawa shi ne mai tsaron ƙofar. A daidai inda bututun wannan ruwa ya haɗu da na fankiriyas zai shiga farkon ƙaramin hanji, akwai wata 'yar tsoka da ta zagaye bakin kamar mazagin wando. Ruggero Oddi ne ya bayyana ta a 1887, yana ɗalibi a jami'ar Perugia ta Italiya. In babu abinci sai ta tsuke, ruwan ya koma jaka ya taru. Da maiƙo ya sauka hanji, sai hanjin ya saki sinadarin CCK, wanda Ivy da Oldberg suka gano a 1928: jaka ta matsa, tsoka ta saki, ruwa ya zubo. Ita ce kuma ke hana abin da ke cikin hanji komawa sama.

Rigimar tana kan majinyacin da aka cire wa jakar matsarmama, galibi mace, ya dawo yana kukan ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama. An yi hoto, an auna jini, ba a ga komai ba. Shekaru da dama likitocin Amurka na cewa tsokar ce ta ƙi sakewa, har tsarin Milwaukee na rarraba ciwon tsokar ya ba shi suna, nau'i na uku. Maganin kuwa a zura bututu mai kyamara ta baki, aikin da ake kira ERCP, a tsaga tsokar.

Sai Peter Cotton da abokan aikinsa suka gwada. Bincikensu mai suna EPISOD ya fito a mujallar JAMA a 2014. Majinyata 214 ne a cibiyoyi bakwai na Amurka. An tsaga wa 141 tsoka, 73 kuma an zura musu bututun an fito ba a yanka komai ba, kuma babu majinyacin da ya san ɓangarensa. Bayan shekara guda, kashi 23 cikin 100 na waɗanda aka yanka ne suka samu sauƙi yadda aka gindaya. A cikin waɗanda ba a yanka ba kuwa, kashi 37. Awon ƙarfin tsukewar tsokar, wanda aka daɗe ana dogaro da shi wajen zaɓen wanda za a yanka, bai nuna wanda zai warke ba. Ga kuma farashin: fiye da mutum ɗaya cikin goma ya kamu da kumburin fankiriyas bayan aikin, ciwon da kan kai wasu ɗakin kulawa ta musamman. A 2016 ƙa'idojin Rome IV suka soke nau'i na uku gaba ɗaya.

Har yanzu akwai masu cewa su dai sun yanka sun ga an warke. Ai a binciken EPISOD waɗanda ba a yanka ba ma sun warke, har sun fi yawa.

Wannan ba hani ba ne ga yanka baki ɗaya. In tsakuwa ta toshe bututu, ido ya yi shawara, zazzaɓi ya tashi, tsaga tsokar ceton rai ne. Mu da masu sikila suka yi yawa a asibitocinmu, kuma tsakuwar matsarmama ke kama su tun suna yara, mun fi kowa bukatar wannan aiki a irin wannan hali.

Saboda haka, asibitocin koyarwa da ke sayen na'urar ERCP su rubuta doka tun yanzu: ba a tsaga tsokar Oddi sai awon jini ya nuna hanta ta taɓu ko hoto ya nuna bututu ya buɗe fiye da ƙima. Kowace cibiya kuma ta riƙa ƙirga majinyatan da fankiriyas ɗinsu ya kumbura bayan aiki, ta karanta adadin a taron likitoci duk shekara.