Maigida Ne Ke Jin Labari a Ƙarshe

An ce mu yi magana a kan shugabanci a wurin aiki, sai muka ga ya fi kyau mu ɗauki abu guda mu tsaya a kansa, wato kunne. Da yawa a cikinmu muna da mutane a ƙarƙashinmu. Wani yana da shago a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da yara uku, wata tana da shagon ɗinki a Unguwar Rimi, wani kuma shugaban makaranta ne a Malali, ko manaja a wani ofis a kan titin Ahmadu Bello. Tambayarmu ita ce: in abu ya fara lalacewa a wurin aikinka, wa ke fara sani? Kuma kwana nawa labarin ke yi kafin ya iso kunnenka?

Yaron shago ne ke fara sanin cewa masu saye sun koma shagon maƙwabci, domin shi suke yi wa ƙorafi. Direba ne ke fara jin ƙarar da mota ta sauya. Mai gadi ya san wanda ke fita da kaya bayan an tashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wurin aiki sau da yawa mai ɗakin yana ofis, ruwan kuwa a kan yaransa yake zuba. Me ya sa ba su faɗa? Domin mun yi musu tarbiyya cewa yaro ba ya ja da babba. Tarbiyya ce mai kyau, ba mu ce a watsar da ita ba. Amma idan maigida ya taɓa daka wa yaro tsawa a gaban mutane don ya kawo mummunan labari, daga ranar ba abin da zai ƙara ji sai "To, Oga" da "Lafiya lau." Zai ɗauka ladabi ne, alhali an rufe masa ƙofa ne.

Kada mu zaci wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A ranar 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, manyan jiragen sama biyu, na kamfanin KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan hanyar tashi cikin hazo. Mutum 583 suka mutu. Matuƙin jirgin KLM babba ne ƙwarai, shi ke koyar da sauran matuƙan kamfanin. Da ya fara gudu zai tashi, injiniyan da ke zaune a bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya kauce daga hanya. Matuƙin ya amsa masa da ƙarfi cewa ya kauce, ya ci gaba. Bai kauce ba. Tambayar da za ta ceci rayuka an yi ta, an kuma ji ta, sai dai ta fito daga bakin ƙarami. Bayan wannan da irinsa ne kamfanonin jirage suka fara koya wa ƙananan ma'aikata su yi magana a fili, suna kuma koya wa manya su tsaya su saurara. Kamfanin Toyota na Japan ma ya daɗe yana ba ma'aikacin da ya ga kuskure ikon jan igiya don a duba, ko da za a tsayar da aikin haɗa motoci.

Mu dawo gida. A farkon 2023, da aka sauya fasalin Naira kuɗi suka yi wuya a hannu, duk mun ga yadda ciniki ya koma ta waya da na'urar POS. Samarin da ke tsaron shaguna sun daɗe da sanin wannan hanya. Mai shagon da ya saba tambayar yaransa bai sha wahala kamar wanda ke cewa "Me yaro ya sani?" ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, mu da ke zaune a wannan gefe na kogi. Bayan rikicin shekarar 2000 da na 2002, 'yan'uwa da yawa sun ƙaura zuwa Sabon Tasha, Narayi da Barnawa. Mu da muka zauna, yawancin masu sayen kayanmu da ma'aikatanmu Musulmi ne. Manajan da ya sa taro da ƙarfe ɗaya ranar Juma'a, ko ya ɗora aiki mai nauyi da yamma a watan azumi ba tare da ya tambayi kowa ba, ba lalle mugu ba ne. Bai saurara ba ne kawai. Ma'aikacin ba zai yi masa gardama ba, amma zai riƙe a zuciya. Dattawa kuma sun sani, a ranakun tashin hankali, sau da yawa maƙwabcin da ka saba jin maganarsa shi ne ke zuwa ya ce maka ka rufe shago da wuri yau.

To, yaya za mu yi? Kada ka tambayi yaro a gaban jama'a, ba zai faɗa ba. Ka kira shi gefe. Kada ka ce "Akwai matsala?", domin amsar ita ce babu. Ka ce, "Wane kaya ne mutane suka nema a makon nan ba mu da shi?" In ya fara magana, ka ajiye waya, kada ka ƙarasa masa zance. In ya gama, ka maimaita abin da ka ji don ya gyara maka. Ba dole ne ka bi kowace shawara ba, shugabanci yana hannunka. Amma in ba za ka bi ba, ka koma ka gaya masa dalili. In kuwa ka bi ta yi amfani, ka ambaci sunansa a gaban sauran, domin su ma suna kallo su ga abin da ya sami wanda ya buɗe baki.