Shagon Faifai na Nashville



Yau sharhinmu zai kai mu Amurka, birnin Nashville, garin mawaƙa. A can akwai wani shago mai suna Grimey's, inda ake sayar da faifan garmaho, sabo da tsoho. Tun 1999 yake. Ba reshen wani babban kamfani ba ne, da ƙafarsa yake tsaye.

A 2020 annobar korona ta sa aka rufe shaguna. Grimey's ya kulle ƙofa, ma'aikata suka koma gida ba ciniki.

To, wa ya kawo ɗauki? Mawaƙiya Taylor Swift, wadda a Nashville ta fara tashe. Ta aika wa kowane ma'aikaci kuɗi, ta kuma biya musu inshorar lafiya ta wata uku. Masu sayen faifai su ma suka ci gaba da saye ta intanet.

Me ya sa suka damu haka? Saboda shagon ya wuce wurin ciniki. A cikinsa ƙananan mawaƙa ke yin wasa kyauta, jama'a na tsaye tsakanin kantoci suna saurare. A nan sabon mawaƙi ke samun mai jin muryarsa tun kafin kowa ya san sunansa. Har ƙungiyar mawaƙa ta Metallica ta yi wasa a ɗakin da ke ƙarƙashin tsohon gininsa a 2008.

Taimakon ya zo a kan kari, kuma ya cancanci yabo. Shagon ya sake buɗewa.