Kasuwa Ba Ta Ci Sai Da Mai Tsawatawa



Duk wanda ya taɓa cinikin shanu ko goro a Kurmi ya san baƙo ba ya sakin dukiyarsa bashi sai maigida ya tsaya masa. Kasuwa a buɗe take ga kowa, amma akwai mai tsawatawa. To, haka al'amarin yake ga ayyukan hidima, watau waya, banki, sufuri da lantarki.

A dubi sha'anin waya. Kafin 2001, lokacin da NITEL ke riƙe da kusan kome, layukan ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba. Mai son jin lafiyar iyalinsa a Kano sai ya ba direba wasiƙa. Amma tun 1992 aka kafa hukumar NCC. Ita ce ta yi gwanjon lasisin wayar hannu a watan Janairu na 2001, kowane a kan dala miliyan 285. Da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, tilas sauran suka bi. A 2013 kuma hukumar ta ba mutum ikon sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba.

Lantarki kuwa dabam ne. A watan Nuwamba na 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11, kowane da yankinsa, ba abokin takara. Wanda ba shi da mita sai a yanka masa kuɗi da ka, ba kuwa inda zai koma. An sayar, amma ba a kawo gasa ba, tsawatawar hukuma kuma ba ta wadatar ba.

Dalilin wannan tuni shi ne, a 2019 Nijeriya ta sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda ta haɗa da banki, sufuri da sadarwa. Kamfanonin maƙwabta za su shigo, na gida su fita. Saboda haka wajibi ne wakilan jama'a su tsaya a kan abu uku: farashi a fili, wurin kai ƙara kusa da talaka, da hukunci mai zafi ga wanda ya ci amana. Sai an gyara shinge ake sakin garke.

Allah ya ba da sa'a, amin.