Fumfunar da ke ɓoye tsakanin kwano da silin

Gaisuwa ga iyayenmu makiyaya da ke ruga da mashekari, da 'yan kasuwa masu shiga da fita a kan iyaka, daga Konni da Illela zuwa Maraɗi da Jibiya, har Garwa da Ngaundare. Yau za mu ɗaga kai ne mu dubi saman ɗaki, wurin nan da ke tsakanin kwano da silin, inda mai gida kan yi shekara goma bai leƙa ba. A can fumfuna take fara kama gida, daga nan ta sauko wa mutane da dukiyarsu.

Mece ce ita fumfunar? Halitta ce mai rai, dangin naman kaza. Ƙwayoyin irinta suna yawo cikin iska ko'ina, ido ba ya ganinsu, kuma babu gidan da ba sa shiga. Abu uku suke jira: danshi, ɗumi, da abin ci kamar katako, kwali, tufafi, fata ko hatsi. Ɗumi muna da shi, abin ci yana kowane ɗaki. Saura danshi. Da zarar katako ko kwalin silin ya jiƙe ya kwana ɗaya zuwa biyu bai bushe ba, to ta samu wurin zama.

A ƙasashen sanyi irin Amurka da Ingila an daɗe da sanin wannan matsala, domin iska mai ɗumi daga ɗakuna tana hawa ta daki rufi mai sanyi, ta koma ruwa. Mu a nan, da muka bar soro da jinka muka koma kwano da silin, mun samu irin wannan ɓoyayyen wuri a gidajenmu da shagunanmu. Hanya huɗu ruwa yake bi ya shiga.

Ta farko yoyo. Ƙusa ta yi tsatsa ta saki, iskar farkon damina ta ɗaga bakin kwano, ko mai aiki bai haɗa kwanukan da kyau ba. Yoyon da ke zuba a kan gado ana saurin gyara shi. Mai ɓarna shi ne ƙarami, wanda ke ɗiga a kan katako ya tsaya can.

Ta biyu gumin kwano. Da dare kwano yana saurin yin sanyi, sai danshin da ke cikin iska ya taru a ƙarƙashinsa kamar raɓa. Za ku ga ɗigo da asuba alhali ba a yi ruwa ba. Girki cikin ɗaki, shanyar jiƙaƙƙun kaya, da jibge hatsin da bai gama bushewa ba duk suna ƙara wannan gumi.

Ta uku toshe kafofin iska. Magina suna barin 'yan ramuka a saman bango don iska ta ratsa. Saboda ƙurar hunturu, ko jemagu da ɓeraye, sai mu cusa tsumma ko mu shafe da siminti. Danshi ya shiga, ya rasa ta inda zai fita. Raga ya kamata a sa a wurin.

Ta huɗu ta masu soro ce: yaɓe ya tsage, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a sama yana tsatsafowa cikin azara. Kuma kada mutanen arewa su ce wannan ta kudu ce. Gaskiya ruwan Ngaundare ya kai wajen ninki uku na Maraɗi, amma markar watan Agusta kaɗai ta isa ta jiƙa ɗaki a ko'ina.

To yaya za ku gane? Hanci yakan riga ido. Ku buɗe ɗakin da ya kwana a rufe. In kun ji warin danshi, irin na tsohon buhu ko jiƙaƙƙiyar tabarma, ruwa ba ya tsami banza. Sai ku duba silin: da'ira mai ruwan ƙasa, ɗigo-ɗigo baƙi ko kore, kwali ya yi ciki ya lanƙwaso, fenti yana ɓarewa, kan ƙusa ya yi tsatsa. Ku duba takalmi da jakar fata da sirdi da aka rataye. In sun yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, iskar ɗakin ta cika danshi. Akwai kuma alama a jikin mutane: atishawa da toshewar hanci da ƙaiƙayin ido da tari da dare, waɗanda ke sauƙi in mutum ya yi tafiya, su dawo in ya dawo gida. Ku fatake da kuke kwana biyu a hanya, ku lura da wannan.

Mu zo ga haɗarin. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan danshi da fumfuna cikin gidaje, inda ta nuna alaƙarsu da tari, da shessheƙar numfashi, da tashin asma. Waɗanda suka fi shan wahala su ne jarirai, tsofaffi, masu asma, da wanda wata cuta ta raunana masa jiki. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya ƙara kula, domin wani nau'in fumfuna yana iya zama cikin raunin da cutar ta bari a huhu. Ban da lafiya, katakon rufi yana ruɓewa, gara ta biyo danshi, wayar lantarki ta jiƙe, wata rana silin ya rufto a kan mutane.

Amma ga makiyayi da ɗan kasuwa, babbar asarar tana cikin abin da aka ajiye ƙarƙashin rufin nan. Masara, gyaɗa, dawa, ƙuli-ƙuli, tunkuza, dusa, angurya. Akwai wata fumfuna mai launin kore da rawaya da ke son waɗannan kaya, tana barin guba da masana ke kira aflatoksin. Sau da yawa tun daga gona take kama amfanin, danshin sito ko mangaza kuma ya ba ta damar yaɗuwa. An gano gubar ne bayan talo-talo sama da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sakamakon abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. A 2004, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu, bayan cin masarar da aka adana da danshi.

Abu uku nake so ku riƙe game da wannan guba. Na ɗaya, dafuwa da suya ba sa kawar da ita. Na biyu, hanta take ci. Da yawa tana kawo shawara da mutuwa cikin kwanaki, kaɗan-kaɗan kuma cikin shekaru tana kawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B. Na uku, tana ratsa saniya ta fito cikin nono. Iyayenmu makiyaya, hatsin da aka ce ya lalace, mutum ba zai ci ba, a ba dabba, ga inda yake komawa: cikin ƙwaryar nonon da yaranku za su sha, da wanda iyayenmu mata za su kai kasuwa. Ita kanta dabbar takan rage ci, ta rame, nono ya ja baya. Maruƙa da kaji sun fi saurin jin jiki. Harawa da karmamin da suka yi fumfuna kuma, ƙurarsu tana kama ƙirjin mai ɗiba.

Ɗan kasuwa, naka ya shafi aljihu. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci in gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan. Ko a Dawanau, mai saye da ya san aikinsa zai soka buhu ya shinshina, kuma buhu ɗaya mai wari ya isa ya karya farashin mota guda. Wanke hatsin da shanya shi don ya yi kyan gani yana ɓoye alama ne kawai, gubar tana nan, kuma wani ne zai ci. Wannan haƙƙi ne.

Me za a yi? A fara da ruwan. Shafa fenti a kan tabo ɓata kuɗi ne in yoyon yana nan. Tun bazara, kafin ruwan farko, a sa mai gyara ya hau kwano ya duba ƙusoshi da mahaɗa. Da rana tsaka a leƙa saman silin da fitila a kashe. Duk inda haske ya ratso, ruwa ma zai ratso. A yi yaɓe, a share indararo, a buɗe kafofin iska.

Kwalin silin da ya jiƙe ya yi baƙi, a cire a sa sabo. Katako mai ƙwari a goge da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe sarai. Mai aikin ya kashe lantarki, ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu, ya taka katako kawai, yara da masu asma su bar ɗakin. In akwai kashin jemage, a yayyafa ruwa kafin a kwashe, saboda ƙurarsa ma tana cutar huhu. In tsohon silin asbesto ne, kada a fasa ko a kankare. Mai amfani da bilic, wanda a Nijar da Kamaru aka sani da Javel, kada ya gauraya shi da wani maganin wanki, hayaƙinsu guba ne.

Hatsi kuma ya bushe sosai kafin ya shiga buhu, kuma a shanya a kan tamfol ko daɓe. Ga gwaji mai sauƙi: ku zuba hatsi cikin busasshiyar kwalba, ku ƙara busasshen gishiri, ku rufe ku girgiza, ku bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. A tsince ƙwayoyin da suka canza launi ko suka yamushe, a binne su. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, kada tsibi ya kai silin. Wanda ya shigo a baya kada ya riga na farko fita. A hanya, tamfol ɗin da ya huje ya fi kuɗin sabo tsada.

Wanda tarinsa ya kai sati biyu, ko yana fitar da jini, ko idonsa ya yi rawaya, ya tafi asibiti, ya kuma gaya wa likita yanayin ɗakin da yake kwana da abincin da ake ci a gidan. Dabba in ta canza bayan sabon buhun dusa, a tsayar da dusar, a nemi malamin dabbobi.

Yau in kun koma masauki, ku ɗaga kai ku dubi silin, ku shinshina buhun da ke can ƙurya. Wanda ya ji kuma ya faɗa wa maƙwabcinsa na ruga da na rumfa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana lafiya da dukiya.